Waye Ke Riƙe da Makullin Ɗakin Kwamfuta?

Malamin Kwamfuta, Tudun Wada:

Assalamu alaikum iyayena da abokan aiki na wannan zaure. Akwai wata matsala da na daɗe ina juya ta a raina, yau dai na ga gara in baje ta a gabanku. Shekara tara ke nan ina koyar da darasin kwamfuta a wata makarantar sakandaren gwamnati da ke cikin garin Kaduna. Ajin da na fi shiga yana da ɗalibai 84, darasin kuwa minti 40 ne, sau biyu a mako. A ɗakin kwamfutarmu akwai na'urori 30, amma 11 ne kacal ke tashi idan an kunna su, su ɗin ma sai an dace da wuta ko an samu wanda ya sayi fetur. Makullin ɗakin yana ofishin shugaban makaranta, kuma ba kasafai yake fitowa ba sai ranar da aka yi manyan baƙi.

Saboda haka abin da aka yi mini ina ɗalibi shi nake yi wa yaran: in tsaya gaban allo da alli in zana madannai, in rubuta sunan Charles Babbage, wanda ake kira uban kwamfuta, in jero matakan da kwamfuta ta bi daga zamani na farko zuwa na biyar, su kwafa su haddace. Kuma suna cin jarrabawa, wannan ne ma ya fi ci mini rai. A zangon da ya wuce wata yarinya ta samu maki 78 a darasina, ta kawo ma'anar linzamin kwamfuta babu tuntuɓe, amma ranar da na zaunar da ita gaban na'ura sai ta ɗaga linzamin sama tana auna fuskar kwamfutar da shi kamar rimot ɗin talabijin. Ban iya dariya ba, domin da hannuna na ba ta makin.

Tambayata ita ce: in ci gaba da bin manhajar karatu babi bayan babi don a kammala ta kafin jarrabawa, ko in ajiye wani sashe in ƙarar da lokacin a kan na'urori 11 ɗin nan, ko da za a rubuta cewa ban gama aikina ba?

Maman 'Yan Biyu, Kawo:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka faɗi gaskiya, domin mu iyaye mu ne muke biyan bashin abin da ka bayyana. 'Ya'yana biyu sun yi shekara shida a sakandare, kuma kowane zango akwai makin kwamfuta a takardar sakamakonsu, amma da lokacin JAMB ya matso sai da na biya kuɗi a wani shagon intanet aka koya musu yadda ake zama gaban na'ura. Tun 2013 hukumar ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta, kuma daga 2015 ta daina amfani da takarda da fensir baki ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu. Gaskiya ne an sauƙaƙa abin, yaro zai iya danna A, B, C ko D don zaɓar amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya, ba sai ya taɓa linzami ba. Amma yaron da hannunsa ke rawa saboda yana tsoron kada ya danna abin da zai ɓata masa komai, wannan ya yi asarar mintuna kafin ya karanta tambaya ta farko. Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam. Ni dai ra'ayina ka zaunar da su gaban na'ura, tarihin Babbage su karanta a gida.

Tsohon Firinsifal, Unguwar Rimi:

Ɗana Malam, na ga alamar za a yanke wa shugaban makarantarku hukunci ba ya nan, don haka bari in yi magana a madadinsa, tunda na zauna a irin kujerarsa shekara goma sha ɗaya kafin in yi ritaya, kuma ni ma na kulle ɗaki.

Idan aka kawo kayan nan, shugaban makaranta ne yake sa hannu a takarda cewa ya karɓi guda kaza. Ranar da za a sauya masa wurin aiki, da wannan takardar za a ƙidaya su a gabansa. Idan linzami ɗaya ya ɓata, shi za a tuhuma, har ta kai a rubuta masa takardar neman bahasi. Amma a duk tsawon aikina ban taɓa ganin an tuhumi wani shugaba don kwamfutocinsa sun shekara uku ba a kunna su ba. To, mutumin da ake hukunta shi kan abin da ya ɓata, ba a hukunta shi kan abin da ba a yi amfani da shi ba, me kuke tsammanin zai yi in ba sayen babban kwaɗo ba?

Kuma wannan ciwo tsoho ne. Tun 1988 Najeriya ta fitar da manufarta ta koyar da kwamfuta a makarantu, aka fara gwaji a kwalejojin gwamnatin tarayya. Daga wancan lokaci zuwa yau hukumomi da 'yan majalisa da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sun sha kai na'urori makarantu, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a watse. Abin da ban taɓa gani ya biyo bayan motar kayan ba shi ne kuɗin gyara da kuɗin wuta. Ku tuna kuma an janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, sannan a watan Afrilun 2024 kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ware a matsayin masu samun wuta mafi yawa, ya tashi daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit. Makarantar da ke lallaɓa kuɗin alli, da me za ta tayar da janareta sau biyu a mako?

Malamin Kwamfuta, Tudun Wada:

Ranka ya daɗe Baba, ban yi nufin cin mutuncinsa ba, mutumin kirki ne. Ban taɓa kallon abin ta fuskar takardar ƙidaya ba, kuma na ƙaru.

Mai Gyaran Kwamfuta, Kasuwar Barci:

Baba, da girmanka, akwai abu ɗaya da ya kamata shugabannin makarantu su sani: kulle ɗaki ba ya tsare kwamfuta, kashe ta yake yi a hankali. Ni ake kira idan za a yi baƙi, don haka na buɗe irin waɗannan ɗakuna da yawa. Ƙurar hunturu tana shiga ta toshe fanka, laimar damina ta sa tsatsa a bakin mahaɗai, ɓeraye su tauna wayoyi, har gida na taɓa tarar sun yi a cikin akwatin wata. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo a jikin babban allon na'urar, wanda ke riƙe mata agogo da saitin farko, idan ya mutu sai ta riƙa tsayawa da saƙon kuskure tun kafin ta gama tashi, wanda bai sani ba sai ya ce ta lalace. Sau da yawa abin da nake yi bai wuce in zare ram, wato ɗan allon da na'ura ke riƙe aiki a kansa na wucin gadi, in goge haƙoransa da abin goge fensir, in busa ƙurar, in mayar ba, sai ka ga ta tashi.

Malam, cikin 19 ɗin da ka ce sun mutu, ina kyautata zaton wasu suma kawai suka yi. Waɗanda suka ƙone da gaske galibi wuta ce ta ci su, lokacin da aka dawo da ita da ƙarfi babu abin kariya a tsakani. Shawarata ga duk wanda zai yi wa makaranta kyauta nan gaba shi ne ya yi lissafin wuta kafin ya ƙidaya kawuna. Tsohuwar kwamfutar tebur da fuskarta tana iya shan wat 150, ta tafi-da-gidanka kuwa ba ta cika wuce 60 ba, ga batirinta a jikinta, idan an ɗauke wuta aikin yaro bai tafi ba. Gara guda goma da sola da inbata a kan guda arba'in da ke jiran fetur. Kuma a hana kowa cusa filash ɗinsa, domin ta nan cutar kwamfuta ke shiga.

Malamar Lissafi, Kakuri:

Ni kam zan ɗan saɓa wa zaure. Na lura tun da aka fara maganar nan mun mayar da ilmin kwamfuta ya zama riƙe linzami da cin JAMB, alhali wannan ƙofa ce kawai, ba ita ce ɗakin ba. Maman 'Yan Biyu ta yi gaskiya cewa yaro na buƙatar sabo da na'ura, amma wannan sabo mako uku ya ishe shi. Me za a koya masa a sauran shekaru shida ɗin?

Asalin fannin shi ne iya warware matsala daki-daki ta yadda ko na'urar da ba ta da hankali za ta iya bin umarnin, kuma ana iya koyar da babban sashe na wannan babu wuta ko kaɗan. Ni na gwada. Na yanka kwali gida biyar, na ɗiga ɗigo 1 a na farko, 2 a na biyu, sai 4, sai 8, sai 16, na ba yara biyar suka tsaya gaban aji. Wanda ya juyo da kwalinsa shi ne 1, wanda ya kife shi ne 0. Na ce su nuna mini 13. Aka yi ta gardama da ihu, can sai mai 8 da mai 4 da mai 1 suka juyo, sauran biyun suka kife, aji ya karanta 01101 da bakinsa. A minti ashirin sun gane lissafin 0 da 1 na kwamfuta da suka yi zango guda suna kwafa daga allo ba su san me yake nufi ba. Wata rana kuma na ce su rubuta mini umarnin dafa shayi, ni kuma na zama kwamfuta ina bin abin da suka rubuta kalma da kalma. Wanda ya manta bai ce a kunna wuta ba, na tsaya ina kallon tukunyar har aji ya fashe da dariya, kuma daga ranar ya san abin da ake nufi da kuskure a cikin umarni. Wannan salo ba ni na ƙirƙiro shi ba, malaman wata jami'a ne a ƙasar Niyu Zilan suka yaɗa shi. Ingila ma, da take da wuta da na'urori, a 2014 ta sauya manhajarta daga koyar da amfani da kwamfuta kawai zuwa koyar da yadda ake rubuta mata umarni tun daga firamare.

Don haka Malam, ba dole ne ka zaɓi tsakanin hadda da janareta ba.

Malamin Kwamfuta, Tudun Wada:

Malama, na karɓi dabarar kwalin hannu bibbiyu, gobe ma zan gwada ta. Amma ina da tsoro guda. Idan masu riƙe da kasafi suka ji cewa ana iya koyar da kwamfuta babu kwamfuta, mun ba su hujjar da suke nema. Yaran da ake yi wa wasan kwali a waɗancan ƙasashe, suna tashi daga wasan su koma kan na'ura su gwada abin da suka gane. Namu kuwa daga kwali sai gida. Kuma akwai abin da kwali ba zai koyar ba, wato yaro ya rubuta layi biyar na umarni, ya danna, na'ura ta ƙi, ya duba ya gano waƙafi ɗaya ne ya ɓace, ya gyara ta yi. A manhajar WAEC harshen rubuta umarni na BASIC muke koyarwa, yara suna rubuta shi a takarda da biro ina duba musu da jan biro, ba su taɓa ganin ya yi aiki ba. Da ɗakin a buɗe yake da na sa musu Scratch, manhajar koya wa yara rubuta umarni, tunda kyauta ce kuma tana aiki babu intanet, manya kuma in fara musu harshen Python.

Malamar Lissafi, Kakuri:

Ban ce kwali ya maye gurbin na'ura ba. Yi lissafin da kanka: ɗalibai 84 a kan na'urori 11, kusan takwas ke nan a kowace, minti 40 kuwa idan aka raba, kowa minti biyar zai samu, in ma an yi adalci. Raba ajin biyu, rabi suna waje ƙarƙashin bishiya da kwali, rabi suna ciki, darasi na gaba a yi musanya.

Ɗalibar Jami'a, Rigasa:

Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki, domin shekara uku ke nan da na bar irin wannan aji, yanzu ina karanta kimiyyar kwamfuta. Maganar Malama ta adalci ita ce ta taɓa ni. A makarantarmu an buɗe mana ɗakin sau huɗu a shekarar ƙarshe, kuma duk lokacin da aka ce mutum takwas su kewaye na'ura ɗaya, wanda ya riga ya iya shi ke zama a kujera, galibi namiji ne da yayansa ke da shago ko laftof a gida. Mu mata muna tsaye a baya muna leƙe ta saman kafaɗa, kunya ba za ta bar mu mu ture kowa ba. Malamin ba mugu ba ne, amma shi ma fanninsa aikin gona ne, an ba shi darasin ne don babu wani, don haka ya fi samun natsuwa idan wanda ya iya ne ke riƙe da linzami. Idan za a raba rukuni, ina roƙon a rubuta suna da lokaci, kowa ya zauna a kujerar da kansa, kuma a ware wa mata nasu na'urorin.

Abu na biyu, kada a ruɗu da cewa yaran yanzu sun iya waya. Na shiga jami'a ina iya komai a WhatsApp da TikTok, amma ban san yadda ake adana aiki a ba shi suna a sake nemo shi ba, kuma ban taɓa ganin jadawalin Excel yana tara lamba da kansa ba. Na uku kuma shi ne harshe. Ranar da wata yayata ta ce mini fayil kamar takarda ce, folda kuma kamar jakar da ake zuba takardun, a take na gane abin da na yi shekara ina haddacewa da Turanci. Har yau kuma ban ga makarantar da ake koya wa yaro yadda zai samo ɓ da ɗ da ƙ a madannai ba, alhali madannan Google na waya suna da Hausa, kuma tun 2013 aka sa Hausa a manhajarsu ta fassara.

Tsohon Firinsifal, Unguwar Rimi:

'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo jijiyar. Ni da kaina na taɓa ba malamin motsa jiki wannan darasi, kuma ina da 'yar hujja a lokacin, domin a ƙaramar sakandare manhajar da aka fara aiki da ita a 2014 ta haɗa kimiyya da fasaha da motsa jiki da kwamfuta ƙarƙashin darasi guda. Ba wuraren horo muka rasa ba a jihar nan: ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa a hanyar Zariya, ga kwalejin ilmi ta Gidan Waya, ga Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Matsalar ita ce wanda ya ƙware da gaske ba ya daɗewa a aji, banki ko kamfani zai ɗauke shi, kuma ba zan ga laifinsa ba. Shi ya sa idan na ga irin Malam da ya yi shekara tara bai gudu ba, nake ganin ya cancanci a miƙa masa makulli.

Maman 'Yan Biyu, Kawo:

Baba, ga kuma abin da ke tafe. A farkon 2024 WAEC ta yi wa masu zana jarrabawa daga waje tasu a kwamfuta, sannan a 2025 ministan ilmi Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO su ma su koma kwamfuta. Idan mu da ke cikin gari muna wannan kuka, ina ga yaran Birnin Gwari da Giwa? Ba mu manta da ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda tsaro. Ina kuma roƙon Malam, cikin abin da zai koyar ya sa maganar tsare kai. An taɓa kiran ɗana aka ce daga banki ne, ya karanto lambar sirrin da aka turo wayata, cikin minti biyu aka kwashe abin da ke asusun. Yaron da ya san shekarar da aka ƙera kwamfutar farko amma bai san ba a ba kowa wannan lamba ba, ban san me aka koya masa ba.

Malamin Kwamfuta, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Bayan mako biyu na dawo da rahoto. Na bi ta hanyar da maganar Baba ta nuna mini: na rubuta takarda cewa na karɓi ɗakin da abin da ke cikinsa, na ƙidaya komai har wayoyi a gaban mataimakin shugaba, na buɗe rajistar shiga da fita, na sa hannu cewa abin da ya ɓata a wuyana yake. Shugaban bai yi gardama ba ko kaɗan, har ya yi kamar an sauke masa kaya. Yanzu makulli yana hannuna Talata da Alhamis. Ɗan'uwanmu na Kasuwar Barci ya zo ranar Asabar da burushi da 'yan batura, ya ƙi karɓar ko kuɗin mota, ya tayar da guda shida, sun zama 17. Na raba ajin biyu yadda Malama ta ce, na ware wa mata layin taga, kuma yarinyar nan mai rimot ta rubuta sunanta da na unguwarsu ta adana da kanta. Babin tarihin kwamfuta na taƙaita shi a shafi ɗaya na ba su su karanta a gida.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Ranar Alhamis da muka kunna duka 17, janaretan ya yi tari sau biyu ya mutu. Fetur ɗin ma daga aljihuna ya fito, kuma ba ni da izinin karɓar ko sisi daga hannun ɗalibi.

Mai Gyaran Kwamfuta, Kasuwar Barci:

Malam, ai na gaya maka ranar, hankalinka yana kan yaran ne. Guda 17 sau wat 150 ya haura 2,500, janaretanku kuwa ƙarami ne, ba zai ja su ba. Kada ka wuce guda 11 ko 12 a lokaci ɗaya, ka kashe fankokin sama, kuma ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, ba gaba ɗaya ba. Sauran ka riƙa juya su kowane mako don kada su sake kwanciya.

Tsohon Firinsifal, Unguwar Rimi:

Maganar fetur kuma kada ka sake taɓa albashinka, ɗana, domin ba za ka jure ba, kuma ranar da ka gaza za a ce kai ka rufe ɗakin. Kai ta gaban kwamitin gudanar da makaranta ta hannun shugabanka, a rubuce, da adadin litar da kuke ƙonawa a darasi ɗaya da rajistar yaran da suka zauna. Yaushe ne zamansu na gaba? Idan ranar ba ta ci karo da zuwana asibiti ba, zan zo in zauna a baya.